Jan Sawu a Dutsen Maroko

Marrakesh, farkon Fabrairu

Zuwa ga angona, Malam Mai Nasara baduku, Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Ramatu da Baba da duk mutanen gida. Ni lafiyata ƙalau, in ban da mura da ta ɗan taɓa ni. Yaya idon? An ce mini ka ƙi yarda a riƙa ɗiga maka magani, wai yana da yaji. Tsoho da kai kana tsoron yaji.

Tunda ka ce waya tana cinye maka rabin magana, ga shi na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in tura wa Gwaggo ta karanta maka. Gwaggo, don Allah kada ki tsallake wuraren da na tsokane shi.

Kaka, zan hau dutse. Ba irin duwatsun Birni da ka hana ni hawa ina yarinya ba, waɗannan in aka ajiye su kusa da shi sun zama duwatsun murhu. Daga tagar ɗakinmu ake hango shi, kansa fari fat. Da na zo sabuwa na ɗauka gajimare ne, ashe dusar ƙanƙara ce. Malaminmu na ilimin ruwa ya ce duk ruwan da garin nan ke sha yana can a kwance, yana jiran zafi ya narkar da shi. Ka ji fa: ruwa a jibge a kan dutse, ba rijiya, ba famfo, ba layin jarka. Da ya faɗi haka sai na tuna Gwaggo zaune a bakin famfonmu tana masa magiya, na ce wallahi sai na je na taka ruwan nan da ƙafata.

Ƙungiyar ɗalibai 'yan ƙasashenmu, Nijar da Chadi da Mali, ita ta shirya tafiyar a hutun Afrilu. Na rubuta sunana tun Falmata ba ta gama karanta sanarwar ba. Falmata ita ce abokiyar ɗakina, 'yar Diffa, ta fi ni tsoron sanyi amma ta fi ni tsoron a bar ta a baya. An ce a lokacin ƙanƙarar tana nan da zurfinta, sai dai ta fara laushi. Takalmin hawa kuwa a ƙauyen gindin dutsen ake ba da aronsa, don haka ba ni da matsala.

Tun da na sa sunana ban iya zama wuri ɗaya ba. Ka yi mini addu'a, kuma kada ka yi kishi da dutsen.

Amaryarka, Aliya.

*

Birni, tsakiyar Fabrairu

Zuwa ga amaryata mai gudun miji.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Ramatu ta karanta mini, ba ta tsallake komai ba har rashin kunyar. Muna lafiya. Ido yana nan yadda kika bar shi: ina ganin mutum, amma sai ya yi magana nake sanin ko wane ne. Ni ke faɗa, Ramatu ke rubutawa, in kin ga kuskure nata ne.

Duk labarinki ya yi mini daɗi sai wuri ɗaya, wato aron takalmi. Jikar Mai Nasara, a ƙasar Maroko, da takalmin aro. Tun zamanin kakanninmu jar fatar akuyar ƙasar nan ake ɗora wa raƙuma a kai can, su kuma su sayar da ita da sunansu. Yanzu ke za ki je ki zura ƙafarki inda ƙafar wani ƙato ta yi gumi. Ban yarda ba.

Bari in gaya miki abin da ake ciki, don duk Birni an sani. Watan jiya na ɗinka wa Ado mai shayi takalma, da ya zo sawa sai ga su duka biyun na ƙafar hagu. Ado ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ubanki Sulaiman bai yi dariya ba. Ya taso daga biro, wurin aikinsa, ya tsaya a bakin rumfata ya ce ya isa haka, in ba shi kayan aiki in koma gida in huta. Na san tausayi ne. Amma ni tun ban san damana da haguna ba basilla ke hannuna, in an karɓe ta me zan yi da hannun daga asuba zuwa magariba?

To da takardarki ta zo sai na kira shi, muka yi magana a gaban Ramatu. Zan ɗinka miki takalmin hawa. In ya kai ki saman dutsen ya dawo da ke, Sulaiman ba zai ƙara tayar mini da zancen ba. In ya kunyata ni, ni da kaina zan naɗe kayan in miƙa masa. Ke ce alƙali. Na san ba ki iya ƙarya ba, tun kina ƙarama in kin yi ta hancinki ke motsi.

Ki taka takarda ki zana mini ƙafafunki da safa mai kauri. Kin ce ƙanƙarar tana laushi. Ai rairayi ke nan, farinsa ne kawai ya bambanta, kuma wanda ya taka rairayin hanyar Tanut da ƙafa ya san maganinsa faɗin tafin takalmi. Sannan ki riƙe wannan: ba a fita da sanyin asuba. Ki bari rana ta ɗaga, ki sha hantsi, jiki ya saki, sannan ki kama hanya. Haka muka yi duk tafiye-tafiyenmu na lokacin sanyi, ga mu da ranmu.

Mijinki na fari, Mai Nasara.

Aliya, ni ce Gwaggonki. Tun jiya yake waƙa a bayan gida. Na rasa ko murna zan yi ko tsoro.

*

Marrakesh, ƙarshen Fabrairu

Angona mai rigima,

Gaisuwa da fatan alheri. Murar ta tafi. A gaishe da Gwaggo, a gaishe da Baba, a ce masa ban ji daɗin yadda kuka naɗa ni alƙali ba tare da an tambaye ni ba. Na yi dariyar takalman Ado har Falmata ta zaci aljanu ne, da na kai ƙarshen takardar kuma sai jikina ya yi sanyi. Ni dutse kawai na so in hau, yanzu ga shi zan hau da rumfarka a ka. Amma na karɓa, kuma gaskiya zan faɗa maka ko da za ta ɓata mana aure.

Wannan takardar ba ta waya za ta zo ba. Bashir, wani ɗan unguwar Zango da muke karatu tare, zai zo bikin ƙanwarsa ya dawo cikin Maris. Na ba shi zanen ƙafafuna a kwali, na yanke su da almakashi. Na ƙafar dama na yi masa tsaga a dunduniya don hannunka ya gane shi, saboda abin da ya sami Ado.

Yanzu ga babban labari. Ranar Lahadi muka shiga mota zuwa gindin dutsen don mu ga abin da muka sa kanmu. Kaka, na taɓa ta! Ba irin ƙanƙarar firji ba ce, ba kuma wadda ke faɗowa da ruwan farkon damina ba. Ta sama kamar gari take, in ka dunƙule ta sai ta yi curi kamar fura. Na sa a baki, ba ta da ɗanɗano, haƙorana kawai suka ɗauka. Falmata ta jefe ni da curi ɗaya a wuya, na rama, muka yi ta guje-guje da manyan zannuwanmu mutanen ƙauye suna kallon ikon Allah. Abin da ya fi burge ni shi ne a ƙarƙashinta ana jin ruwa yana gudu amma ba a ganinsa. Na durƙusa na kara kunnena, na daɗe a haka har gwiwoyina suka jiƙe.

Tun da muka dawo kullum sai mun cika jaka da littattafai mun yi ta hawa da sauka a benen makaranta. Masu gadi sun daina tambayarmu lafiya. Cinyoyina kamar an daka su, amma ko a jikina.

Ka ɗinka da kyau, tsoho. Ka sa ya yi kyau kuma, don akwai masu ɗaukar hoto.

Aliya.

*

Birni, tsakiyar Maris

Amaryata,

Salamu alaikum. Muna lafiya, zafi ya fara shigowa. Bashir ya zo, yaro mai ladabi, sai dai ya cika tambayar lafiyarki, ki gaya masa kina da miji. Ga takalminki a hannunsa.

Fatar ta wata akuyar garin Hamdara ce, ni na zaɓe ta da hannu a wajen majema, laushinta kamar kunnen jariri. Wuyan takalmin dogo ne kamar huffi, zai kai miki ƙwauri. Ciki na shimfiɗa fatar rago da gashinta. Tafin ƙirgi ne ninki biyu, na faɗaɗa shi, na manna masa tayar mota a ƙasa don kada ya yi santsi. Ɗinkin kuwa biyu-biyu na yi da zare mai kakin zuma, kowane ɗaya sai da na bi shi da yatsa, wanda bai yi mini ba na warware. Kan basilla ɗaya ya karye mini a cikin aikin, na ɗauki wata. Daga ƙarshe na shafe shi da man kaɗe har ya ƙoshi.

Kin ce a sa ya yi kyau. Jan da majema suka yi wa fatar bai yi mini ba, na ɗaga ta a rana na ga kamar toka. Ramatu ta ce ja ce sosai, na ce ke malamar lakol ce, 'yar boko, me kika sani a fata. Na jiƙa karan dafi na sake rina ta, na ƙara, na kuma ƙara, sai da ni kaina na ga jan sannan na bari. Yanzu ko daga Zango aka hango ki an san jikar wane ce.

Ubanki ya biyo ta rumfa ranar da na gama. Ya ɗauka ya juya, ya zura hannu ciki, ya haɗa su biyun ya ga dama da hagu ne, ya ajiye ya tafi. Ado kuwa ya ce in ba su yi miki ba a kawo masa, yana da na hagu da yawa.

Na daɗe ban ji daɗin aiki kamar wannan ba. Ki hau lafiya, kuma kada ki manta da hantsi.

Mai Nasara.

*

Ƙauyen gindin dutse, Afrilu

Kaka,

A gurguje nake rubutu, rezon waya a nan sai a kan rufin masallaci ake samunsa. Muna lafiya, mun iso da la'asar. Takalmi ya zauna mini kamar a ƙafata aka haife shi. Da na fito da shi duk ɗalibai suka kewaye ni, 'yan Mali suna tafi, Falmata ta ce na yi kama da zakara.

Jagoranmu wani dattijo ne na ƙauyen, sunansa Si Brahim. Ya karɓi takalmin ya shinshina, ya ja ɗinkin da ƙarfinsa, ya ce wanda ya yi wannan ya san aiki. Amma ya sa an jefa mini na aro a jaka, wai ko da za a bukata. Zan ɗauka, ba zan sa ba.

Ya ce da an sallame asuba za mu tashi. Duk muka kalli juna, don sanyin nan ko ruwan alwala sai an yi jihadi. Na tashi na gaya wa jama'a abin da kakana ya ce game da hantsi, kowa ya ce wallahi nasa kakan ma haka zai faɗa. Si Brahim ya yi ta bayani, rabi da Faransanci rabi da hannu, mu dai mun riga mun yanke.

Dutsen yana kanmu, fari har sama. Sai na sauko.

Aliya.

*

Birni, Afrilu

Aliya 'yata,

Ni ce Gwaggonki Ramatu, yau ba shi ke faɗa ba, ni ke rubuta nawa. Ina fatan takardar nan ta same ki da lafiya, don mu nan ba mu da kwanciyar rai.

Tun takardarki ta jajibirin hawa ba mu ƙara jin ɗuriyarki ba. Wayarki a kashe, ta Bashir a kashe. Shekaranjiya da rana sai ga hoto ɗaya ya shigo daga lambar Falmata, ba rubutu ba murya. Farar ƙanƙara ce, da sawun ƙafa rami-rami suna hawa, kowane rami ja jawur. Na yi salati ban sani ba, Baba, wato kakanki, yana kusa ya ji. Na ce ba komai, ya ce in ba shi wayar. Ya kai ta har bakin hancinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ramatu, wannan ja ne a kan fari, ko?" Mutumin da ba ya gane fuskata, wannan ya gan shi sarai.

Ya ce jini ne. Ya ce kan basillar da ya karye, wanda ya lalube bai samu ba, a cikin tafin ya maƙale, shi ya yi ta sukar ki kina tafiya, kuma ya san ki da taurin kai ba za ki cire ba saboda shi. Na yi ta ba shi baki, bai saurare ni ba. Ya sa na raka shi rumfa, ya naɗe basillu da wuƙaƙe da almakashi a cikin fata ya ɗaure, ya aika aka kira ubanki. Yaya Sulaiman ya ce a jira a ji daga bakinki, shi kuwa ya ɗora masa ƙunshin a cinya ya juya.

Ubanki ya samu wani a makarantarku ta waya, an ce ruwan ƙanƙara ya cinye hanyar ƙauyen, amma duk ɗalibai suna raye. Mun gode Allah. Sai dai ba wanda ya iya gaya mana halin ƙafafunki. Kakanki yana zaune a zaure hannuwansa a kan gwiwa, ko Ado ya kasa sa shi magana.

Don Allah duk inda kika samu rezo ki rubuto, ko layi ɗaya ne.

Gwaggonki.

*

Marrakesh, Afrilu

Zuwa ga angona, da Gwaggo, da Baba in yana kusa.

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, ko ƙwarzane babu. Gwaggo, ki fara karanta masa wannan layin, ki maimaita. Ba jini ba ne, Kaka, karan dafinka ne.

Yau muka iso gari. Ruwa ya yanke hanya ya tsare mu a ƙauye, wutar ƙauyen ta tafi, wayoyi suka mutu. Falmata ta tura hotuna da yawa da bayani, ashe wannan ɗaya ne kawai ya fita. Da na karanta takardar Gwaggo na yi kuka, Falmata ta fi ni.

Ga yadda aka yi, kuma ka sa hannu a hancina ka ji, ba ya motsi. Da asuba Si Brahim ya yi ta buga ƙofa, ba wanda ya fito daga bargo. Sai da rana ta ɗaga muka jeru a jikin bango muka sha hantsinmu da shayi, ni ce shugabar masu taurin kai. Shi yana gefe yana kallon dutse yana girgiza kai. Ashe da dare ƙanƙarar daskarewa take, da sassafe a bi ta kanta kamar daɓe. Hantsin da ke sakin jikin mutum shi ke sakin nata jikin.

Da farko abin daɗi. Muna tafe tana ƙara a ƙarƙashinmu, iska mai tsabta, ko'ina walƙiya har sai an runtse ido. Faɗin tafinka ya yi aiki, waɗansu suna nutsewa ni ina bisa ina musu gwalo. Da rana ta ƙara zafi sai kowa ya zama ɗaya. Ka taka nan ta riƙe ka, ka taka can ka zurma har gwiwa, wani wurin har cinya. Wani dogon ɗan Chadi ya nutse har ƙugu, aka taru ana jansa kamar ana ciro guga, ya fito ba takalmi ɗaya. Mun faɗi, mun tashi, mun yi rarrafe, mun yi dariya har numfashi ya ƙare. Ga gumi a goshi, ga sanyi a ƙafa. Ban taɓa gajiya irin ta ranar ba, ban kuma taɓa jin daɗi irin nata ba.

Can sai na ji Falmata ta ƙwalla ƙara a bayana tana kiran sunana. Na waiga, sai ga sawuna ja tun daga ƙasa. Si Brahim ya zaunar da ni ya zare takalmin da kansa. Ruwa ya shiga, gaskiya ne, gashin ragon ya jiƙe sharkaf. Safata ja, ƙafata ja har idon sawu, amma ba ciwo. Ya shinshina hannunsa, ya fashe da dariya, karo na farko tun safe. Ya ce in sa na aro, na ce a'a. Na matse safa na mayar da naka.

Yanzu ga hukunci. Ba mu kai saman ba. Mun kai wata ƙofa tsakanin duwatsu biyu, daga nan ana ganin ƙololuwar kusa kamar ka miƙa hannu, sai muka ji wata ƙara, ƙanƙara ta zame daga wani gefe ta gangara. Si Brahim ya ce daga nan ba mai ƙara taku ɗaya, rana ta riga ta lalata hanya. Ba wanda ya yi masa gardama a wannan karon. Na tsaya na kalli ƙasa, na ga rafuka suna fita daga ƙarƙashin farin ta ko'ina suna gangarawa, na yi ta kallo har aka ja ni. Da muke saukowa gajimare ya rufe mu, shi jagora ya san hanyarsa, amma mu na baya jan sawuna muka riƙa bi.

A ƙauye na shanya takalmin na bi ɗinkin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, yadda kake yi. Ko ɗaya bai saki ba. Na lalube tafin ciki da waje, ba kan basilla. Na ɗan Chadi na kanti ne, ya buɗe baki. To ni dai abin da na gani ke nan: ɗinkinka ya kai ni ya dawo da ni, rininka ya zuba, shawararka ta hantsi kuwa ita ta hana mu saman, ita da bakina da ya yaɗa ta. Ban san yadda za ku lissafa wannan kai da Baba ba. Ni dai ban ga laifin basilla ba.

Har yanzu jan bai fita daga ƙafata ba, na wanke na gaji. Shekara da shekaru kana kirana amarya ba ka taɓa sa mini lalle ba, sai yanzu.

Taka, Aliya.

*

Birni, ƙarshen Afrilu

Amaryata mai lalle,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yau na ci tuwo har na nemi ƙari. Ramatu ta karanta layin farko, ta maimaita, na ce ta sake. Daga nan ban san abin da ya sami idona ba, ya yi ta ruwa ba a ɗiga masa komai ba.

Na aika aka kira ubanki aka karanta a gabansa. Na ce masa magana magana ce: an ce saman dutse, ba ki kai ba, don haka kaya nasa ne. Kuma rinin nan laifin ido ne, mai gani da ya goga farin ƙyalle ya san ya yi yawa. Ramatu ta faɗa mini, na ce mata malamar lakol. Ki rubuta, Ramatu, na ce kin yi gaskiya, ba sai kin yi murmushi ba, ina jin ki.

Sulaiman ya ce shi ba haka ya ji shari'ar ba. Ya ce an yi sharaɗi a kan takalmi, ba a yi a kan shawara ba, kuma dutsen bai gudu ba. Ya tashi ya fita. Ranar Asabar da safe na ji ana buɗe rumfa, na lallaba na je, sai na tarar da shi zaune a kan buzuna da wandon biro, ya kwance ƙunshin yana jera basillu yadda na koya masa yana yaro, kafin lakol ta ɗauke mini shi. Ya ce duk Asabar zai zo. Ni in yi ɗinki, shi ya duba launi da dama da hagu. Mun fara da na Ado.

Saboda haka shari'a ba ta ƙare ba, an ɗaga ta zuwa baɗi. Ki ba Bashir takalmin in ya tashi zuwa, in ga inda ruwa ya shiga. Ki gaishe mini da Si Brahim, ki ce masa baduku ya sara masa, kuma in ya buga ƙofa da asuba ki riga kowa fita. Hantsi na Damagaram ne, ki bar mana abinmu a nan.

Hoton nan kuwa na sa Sulaiman ya kai an wanke shi babba, an kafa mini a rumfa daidai inda nake zama. Hotunanki da kike turowa, Ramatu ce ke gaya mini kin yi ƙiba ko kin rame, ni dai in ce to. Wannan ba na bukatar kowa. Ja a kan fari idona yana gani. Kullum da safe in na zauna sai in bi sawun da yatsa, daga ƙasa har inda hoton ya ƙare, in ce ga Aliya nan tana hawa.

Kada ki wanke lallen da ƙarfi, ki bar shi ya fita da kansa.

Mijinki, Mai Nasara baduku.